Gadar Biktoriya: daga miliyan 63 zuwa 105, kuma kowa ya ga lissafin



A yammacin ƙasar Kanada, a kan tsibirin Bankuba, akwai wani birni da ake kira Biktoriya, shi ne babban birnin jihar Biritish Kolombiya. Ba wani ƙaton gari ba ne. Lokacin da wannan magana ta faro, mutanen da ke ƙarƙashin ma'aikatar magajin garinsa wajen 80,000 ne, ko kusa da Maraɗi ko Damagaram bai kai ba. Ranar 31 ga Maris 2018 suka buɗe sabuwar gadar titin Johnson. A 2009 an gaya musu aikin zai ci dala miliyan 63. Da aka gama, lissafi ya tsaya wajen miliyan 105. Dalar Kanada nake nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. In an juya zuwa kuɗinmu, an tashi daga wajen miliyar 27 na sefa an kai wajen miliyar 45. An yi alkawarin gama aiki a 2015, bai ƙare ba sai 2018.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da gadar Kanada, ga namu kadarkunan ruwa na cinye su kowace damina? Ruwanmu shi ne: mutanen garin nan sun yi abin da muke ta kira a yi, sun tashi, sun sa hannu, sun tilasta an tambaye su, amma duk da haka kuɗi ya hau. Ya kamata mu duba inda ƙoƙarinsu ya yi amfani da inda bai isa ba.

Gadar mai ɗagawa ce. Tana kan wata ƴar mashigar teku da ta raba tsakiyar birni da unguwannin yamma, kuma can ciki akwai wurin gyaran jiragen ruwa da jiragen dakon kaya, saboda haka dole ta riƙa buɗe musu hanya. Duk wanda ya san jigon lambu ya san dabarar: an ɗora nauyi mai yawa a gindi, in inji ya motsa shi sai dogon ɓangaren ya tashi sama, jirgi ya wuce, a sauke, motoci su ci gaba. Tsohuwar gadar tun 1924 take aiki, kuma zanen kamfanin Joseph Strauss ce, injiniyan da daga baya ya jagoranci ginin gadar Golden Gate ta San Faransisko. Ta yi tsatsa, injinanta sun tsufa, ga yankin ana fargabar girgizar ƙasa. Ba wanda ya musa cewa sai an yi wani abu. Gardamar ita ce: a gyara ko a rushe a sake?

Majalisar birnin ta zaɓi rushewa, kuma ta so ta ci bashin dala miliyan 42 ba tare da ƙuri'a ba. Dokar jiharsu ta yarda da haka, amma da sharaɗi: idan kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe suka sa hannu cewa ba su yarda ba, majalisa ba za ta ci bashin ba sai ta koma wa jama'a. A ƙarshen 2009, cikin sanyin hunturu, wasu ƴan garin suka kafa ƙungiya, suka bi tituna da ƙofofin gidaje da takarda, suka tara sa hannu kusan 10,000, fiye da abin da doka ta nema. Dole aka tsaya.

A watan Nuwamba 2010 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kafin ranar, ƙiyasin ya riga ya koma miliyan 77, bashin da ake nema kuma miliyan 49.2. An kuma gabatar wa jama'a sabon lissafi mai nuna cewa gyaran tsohuwar ba zai fi sabon gini araha ba. Wajen kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce a gina. Masu neman a gyara sun sha kaye, ba ta hanyar maguɗi ba.

Ku lura da wani abu a nan. Tsohuwar gadar tana da layin dogo, jirgin ƙasa na shiga har tsakiyar gari. Miliyan 77 ɗin nan ba da layin dogo ba ne, an cire shi don a rage kuɗi. Wato kuɗi ya ƙaru, aiki ya ragu. Wanda ke kallon jimilla kawai ba zai ga wannan asarar ba.

A 2012 kasafin ya sake tashi zuwa miliyan 92.8. Aka ba kamfanin PCL kwangila, aka gaya wa jama'a farashi ne tsayayye. Aiki ya fara a 2013. Shekara na zagayowa kamfanin ya nemi ƙarin kusan miliyan 8 da ƙarin lokaci. A wannan shekarar ta 2014 aka dakatar da ƙera ƙarafan gadar a masana'antar ƙasar Sin da aka ba aikin, saboda masu dubawa sun samu aibi a ciki, har aka ƙi karɓar wasu manyan sassa aka sake ƙera su. Majalisa ta ɗauko wani injiniya daga waje, Jonathan Huggett, ya duba yadda ake tafiyar da aikin. Rahotonsa ya nuna ba a ma fayyace wa ke riƙe da ragamar aikin ba, kuma shi aka miƙa wa ragamar daga baya.

Me ya kawo wannan duka? Abu na farko, an zaɓi zane mai ban sha'awa wanda ba a saba yin irinsa ba: gadar tana juyawa ne a kan wasu manyan zobba na ƙarfe, har mutum na iya ratsawa ta cikinsu da ƙafa. Abin kallo ne, amma duk abin da ba a taɓa ƙerawa ba, ba mai iya rantsuwa kan kuɗinsa. Na biyu, an faɗi farashi, har an sa hannu kan kwangila, alhali zanen bai kammala ba. Na uku, abin da aka ware don ko-ta-kwana wajen kashi 4 cikin 100 ne kawai. Ko maginin unguwa da ke ɗora ɗaki biyu ya san in ya ware kashi 4 don abin da ka iya tasowa, sai ya koma wa mai gida da zancen ƙarin siminti. Ni a ganina, adadin da aka faɗa a 2009 da wanda aka kai gaban masu ƙuri'a a 2010 fata ne aka ba shi sunan farashi, don shi ne adadin da zai wuce ba tare da hayaniya ba.

To wa ya biya? Gwamnatin tarayyar Kanada ta ba da nata tallafi, amma tallafi adadi ne sananne, ba ya bin farashi in ya tashi. Abin da ya hau sama da miliyan 92.8, asusun birnin ne ya ɗauka, wato lampon mutanen gari, kuɗin da zai iya zuwa wani titi ko wata magudanar ruwa.

Sai a yi adalci. Gadar tana nan tana aiki, tana ɗagawa tana sauka. Fiye da rabin faɗinta an bar wa masu tafiya ƙasa da masu keke, kuma mutane da yawa na alfahari da ita. Akwai ma masu cewa ƙungiyar nan ta jawo jinkiri ne kawai, jinkiri kuwa kuɗi ne. Ban raina wannan magana ba. Sai dai shekara ɗayan da aka yi ana jiran ƙuri'a ba ita ta lalata ƙarfe a masana'anta ba, ba ita ta sa aka sa hannu kan zanen da bai ƙare ba. Waɗannan duk bayan ƙuri'a suka faru, lokacin da mafi yawan jama'a sun ɗauka magana ta ƙare sun koma harkokinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƴan ƙalilan ɗin da ba su koma gida ba. Bayan sun faɗi ƙuri'a, ƴan ƙungiyar da wata mujallar garin mai suna Focus suka ci gaba da rubuta wa ma'aikatar magajin gari suna neman takardu, bisa dokar ƴancin samun bayanai: rahoton injiniyoyi, wasiƙu, lissafin kuɗi. Abin ya dami hukuma har a 2012 ta kai kuka wurin kwamishinar da ke kula da wannan doka, tana neman a taƙaita musu yawan tambaya. Jama'a suka yi ca, hukuma ta janye. A zaɓen Nuwamba 2014, magajin gari Dean Fortin ya faɗi, Lisa Helps ta kayar da shi da ratar ƙuri'a 89 kacal. Ba gadar kaɗai ta kayar da shi ba, amma tana cikin manyan batutuwan zaɓen.

Ba su hana kuɗi hawa ba, gaskiya ne. Amma saboda su, yau ɗan Biktoriya zai iya jero maka 63, 77, 92.8, 105, ya faɗi shekarar kowane, da dalilin da aka bayar, da wanda ke kan kujera a lokacin. Ni da ke nan Nijar ma na iya jero su. Yanzu ku gwada da wani babban aiki na garinku. Nawa aka ce ranar aza tubalin farko? Nawa aka biya a ƙarshe? Kyauta ce, bashi ne, ko daga baitulmali? Layin dogon Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an fara shi a 2014, an yi bikinsa a farkon 2016, har yau bai zama hanyar da fasinja ko ɗan kasuwa ke dogaro da ita ba. Mu nawa ne za mu iya faɗin abin da yarjejeniyarsa ta ƙunsa?

Kada a ce ba mu da madogara. Tun watan Fabrairu 2011 Nijar ta yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma da takardun mulki, mai lamba 2011-22. Doka kuwa in ba a taɓa ta ƙura take sha. Kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo, babu zaɓaɓɓen kwansayen unguwa da za ka tare a bakin masallaci ka tambaye shi. Nauyin tambaya ya dawo kanmu kai tsaye. Tambayar inda kuɗin jama'a ya shiga ba adawa da kowa ba ce. Mai riƙon da ke aiki da gaskiya, ita ce ma za ta wanke shi.

Ga abin da nake ganin kowane reshe na ƙungiyoyin farar hula zai iya yi, ba sai da tallafin kowa ba. A zaɓi aiki guda a gari, kadarko ne, kasuwa ce, ko gudurum ɗin wata unguwa. A ɗauki hoton allon da ake kafawa a bakin aiki tun ranar farko, don shi ke ɗauke da sunan ɗan kwangila, da mai sa ido, da wa'adi, wani lokaci har da kuɗi. A buɗe littafi a rubuta. A kai wa hukuma wasiƙa cikin ladabi, a karɓi kwafi mai hatimi, a yi tambayoyin da mutanen Biktoriya suka gane muhimmancinsu a makare: shin zane ya kammala kafin a sa hannu? Nawa aka ware don ko-ta-kwana, kuma in kuɗi ya wuce wa zai cika? Me aka cire daga aikin tun bayan sanarwar farko? Wa ke duba ingancin ƙarfe da siminti, kuma wa ke biyan shi mai dubawar? In an gama, da wane kuɗi za a riƙa kula da shi? Duk takardar ƙarin kuɗi ko ƙarin wa'adi da aka liƙa wa kwangila daga baya, a nemi a gan ta. Bayan wata uku a koma, a sake ɗaukar hoto, a sake tambaya, a wallafa amsar da aka samu. In shiru aka samu, a wallafa ranar da aka kai wasiƙar.

Aiki ne mai gajiyarwa, babu tafi a ciki, babu hoton da zai yawata a Facebook kamar na zanga-zanga. Mutanen Biktoriya sun shafe kusan shekara tara suna yin sa a kan gada ɗaya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma da gaskiyarsu, sai dai gini na ɗaukar shekaru, ido kuma sai ya zauna a kansa har ranar da aka miƙa makulli.

Wanda ke da aikin da ya tsaya ko ya wuce wa'adi a unguwarsu, ya fara da hoton allon da ranar da aka kafa shi, ya kawo wa reshen garinsu. Daga nan za mu ɗora.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, mu kuma ya ba mu juriyar bibiya.