Taron Tsintsiya Ba Shara: Zaurukan Rubutunmu Sun Zama Kasuwa

Makon nan ba a kan jigo ko salo zan yi magana ba. Zan taɓo yadda muke tafiyar da zaurukan da muke aikin haɗin gwiwa a cikinsu. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ni ma ina cikin masu laifin.

Bara mu goma sha ɗaya, daga nan Gaya da Kademi, da wasu 'yan uwa na Toranke da Balare a Ajingi, muka yi niyyar fitar da kundin gajerun labarai. Muka buɗe zaure a WhatsApp. Kafin wata biyu mutanen ciki sun haura ɗari uku, domin kowa ya jawo nasa. Gaisuwar Juma'a, sitika, bidiyon biki, tallan turaren wuta, duk a wuri ɗaya da rubutun da ake tacewa. Ranar da za a kai aiki maɗaba'a a Kano, aka nemi labarin wata 'yar uwa, sai ga kwafi huɗu, kowanne sunansa "gyararre". Aka ɗauki ɗaya. Sai da littafi ya fito muka gane wanda ba a tace ba ne. Baiwar Allah ta shafe wata uku tana gyaran labarin nan. Ta fita daga zauren, har yau ba ta sake turo ko layi ɗaya ba.

Da aka zauna neman mai laifi, wani ya ce sabis ne, wani ya ce wayarsa ce ta cika, wani ya ce mu koma Telegram kawai. Ni kuwa na ce ƙarya muke yi wa kanmu. Manhajar ba ta ci amanarmu ba, mu ne muka shiga aiki babu tsari, kuma duk inda muka koma da halinmu za mu tafi.

Mu ɗan yi lissafi. Littafi mai kalmomi 50,000, idan zallar rubutu ne, nauyinsa bai kai rabin megabait ba. Bidiyon biki guda ɗaya ya ninka shi sau da yawa. Ke nan abin da ya tara mu shi ne mafi sauƙin ɗauka, tarkacen da muke jibga masa ne suke cinye data da wurin ajiya. Ɗan uwa da ke ƙauye, wanda sai ya fito bakin titi sabis yake kama shi, ya buɗe data sai saƙo ɗari bakwai su sauko masa, kafin ya kai ga babin da aka ce ya duba caji ya ƙare. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda ya ɗauki hoton shafin rubutu ya turo maimakon rubutun kansa ya zalunci talakan cikinmu. Hoton ma ba ya gyaruwa, kuma ba a iya kwafe jimla daga ciki cikin sauƙi.

Su kuma shugabannin zaure, ku daina alfahari da yawan jama'a. WhatsApp ya yarda zaure ya ɗauki mutum 1,024, Telegram har 200,000, amma wannan adadin na masu sauraro ne. Tace labari aikin mutum biyar ne ko shida. Tun Nuwamban 2022 WhatsApp ya kawo tsarin da ake haɗa zauruka da dama a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Me ya hana a ware zauren sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke magana, da zauren aiki na masu tacewa, da zauren hira inda kowa zai zuba sitikarsa son ransa?

Na biyu, zaure wurin magana ne, rubutu kuwa rumbu yake buƙata. Kowane labari ya zauna a fayil ɗaya tak a Google Docs, a ba marubuci da edita damar gyara, sauran a ba su damar sharhi kawai. Manhajar tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, wanda ya goge sakin layi ana iya dawo da shi, a kuma ga ko waye. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ya ishi rubutun da za mu yi har tsufa, in dai ba mu cika shi da hotuna ba. Sunan fayil kuma ya ƙunshi sunan labari da na marubuci da kwanan wata. Da mun yi wannan kaɗai, da 'yar uwar nan tana tare da mu.

Na uku, ƙa'idar rubutu ma tana cikin tsarin. Wani ya rubuta ƙasa, wani k'asa, wani qasa, wani kasa. Idan edita ya nemi kalmar domin ya gyara ta a littafi gaba ɗaya, ba duka za su fito masa ba. Gboard yana da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan. A yi matsaya tun ranar farko.

Na san abin da za a ce. Za a ce zumunci ne ya tara mu, doka za ta kori mutane. To ai ba hana zumunci na ce a yi ba, ɗaki na ce a ware masa. Za a kuma ce ba kowa ya iya Google Docs ba. Wanda ya koyi haɗa sitika da hotonsa, ba zai kasa koyon buɗe fayil a yini ɗaya ba.

Kada kuma mu manta gidan aro muke ciki. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, aka shafe makonni. OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk rubutun da ba shi da kwafi a wuri biyu, ɗaya a intanet ɗaya a hannu, mai shi yana wasa da guminsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu Gayawa muna tutiya da cewa maƙeranmu ne suka je Dala neman tama. To ku leƙa maƙera ku gani. Zugazugi da wurinsa, uwar maƙera da wurinta, masaba da awartaki suna inda hannu zai kai, 'yan hira kuma suna gefe ba sa taɓa wuta.

Don haka ina ƙalubalantar duk mai riƙe da zauren marubuta a cikinmu. Kafin Juma'a mai zuwa ya raba zauren hira da na aiki, ya naɗa mutum ɗaya mai kula da fayiloli, sannan ya zo nan ƙasa ya faɗa mana abin da ya gani. Mai ganin na yi kuskure shi ma ga fili, amma ya zo da hujja, sitika ba za ta karɓu ba.