KUFAN RUMAWA DA BAKIN TEKU: INA YA KAMATA MATAFIYI YA FI DAƊEWA?

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. To, amma ba kowace tafiya ke buɗe ilimi ba, domin sau da yawa mutum kan ƙetare ƙasashe ya dawo ba shi da tsaraba sai hotuna. Wannan maƙala za ta dubi halin matafiyin da ya sami kansa a wurin da kufai da teku suke maƙwabtaka, ya ba kufai rabin sa'a, ya ba ruwa yini guda.

Misali mafi dacewa shi ne tsohon birnin Labda, wanda Rumawa suka kira Leptis Magna, a gaɓar Bahar Rum cikin ƙasar Libiya, kimanin kilomita 130 gabas da Turabulus, wato garin da ayarin fatake daga Kano kan nufa a da. Finisiyawa ne suka kafa shi, daga baya ya shiga hannun Rumawa. A nan aka haifi Septimiyus Seferus, wanda ya mulki daular Rum daga shekarar 193 zuwa 211, ya kuma ƙawata garinsu da gine-ginen marmara. Har yanzu baƙo zai tarar da gidan wasan kwaikwayo, da ɗakunan wanka, da kasuwa wadda duwatsun awonta ke nan, inda ake gwada mudun mai saye da na mai sayarwa. Daga bakin waɗannan gine-gine zuwa bakin ruwa kuwa 'yar tafiya ce ta ƙafa.

Ba laifi ba ne matafiyi ya so teku. Wanda ya tashi nesa da gaɓa, bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, dole abin ya ƙayatar da shi, ga kuma gajiya da take neman hutu. Wasu ma kan ce me za a koya a kangon mutanen da suka yi gini da gumin bayi, suka mai da kashe-kashe abin kallo? Amsa ita ce, wannan ma darasi ne, kuma a kangon ake karanta shi. Teku tana nan gobe kamar yadda take jiya. Kufai kuwa kullum raguwa suke yi.

Abin da ya fi cancanta mai ziyara ya tambaya shi ne: me ya ci Labda? Mai gaggawa zai ce tsufa. Tarihi bai yarda ba. Da ƙarfin daula ya ragu, aka daina kula da madatsar ruwan kwari da tashar jiragen ruwa, laka ta cike tashar, ciniki ya mutu, jama'a suka watse, rairayi ya binne gari. Abin mamaki, wannan rairayin shi ya adana birnin shekaru aru-aru, har masu binciken Italiya suka shiga tone shi sosai daga shekarun 1920. Abin da ya leƙo sama kuwa hannun mutum ne ya ɗebe shi: a ƙarshen ƙarni na 17 an kwashi ginshiƙai masu yawa zuwa Faransa, a farkon ƙarni na 19 aka kai wasu Ingila, inda aka kafa su a wani lambun sarauta. Hukumar UNESCO ta sa Labda cikin kayan tarihin duniya a 1982, a 2016 kuma ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari saboda rikicin Libiya. Ashe sakaci da kwaɗayi da fitina sun fi shekaru ɓarna.

A nan ne abin ya shafi ɗalibin Hausa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Labda na dutse ne, ga yadda ya ƙare. Ina ga ganuwar Kano ta ƙasa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta tun kusan ƙarni na 12, wadda damina ke zaizaya, masu gini ke ɗibar ƙasarta, wasu ke yanka filaye a jikinta? Babu rairayin da zai rufa mata asiri har masu bincike su zo. Abin da ya rushe ya tafi ke nan.

Saboda haka duk wanda ya sami zarafin irin wannan ziyara, ya ba kufai safiyarsa tun da sauran sanyi, da littafi da alƙalami a hannu, ya tambaya, ya rubuta. In rana ta yi gora sai ya gangara bakin teku ya huta. In ya dawo gida kuma, kafin ya fara nuna hotuna, ya je ya dubi badalar garinsu.