Gwamnati ta sayi ginannun gidaje don talakawa: ko dabarar za ta yi aiki a jihar Maraɗi?

Ambaliyar damanar 2024 ta hallaka mutane kusan 400 a faɗin Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kamar yadda alkaluman hukuma suka nuna. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, inda iyalai da dama suka fake a azuzuwan makarantu bayan gidajensu sun rushe. Tun da gina sababbin gidaje yana cin shekaru, akwai wata hanya da ta cancanci a duba: gwamnati ta sayi gidajen da ke tsaye, ta ba marasa ƙarfi haya mai rahusa.

Wasu ƙasashe sun gwada. A watan Mayun 2024 babban bankin ƙasar Sin ya ware yuwan biliyan 300 domin kamfanonin ƙananan hukumomi su sayi gidajen da aka kammala amma suka rasa mai saye. A Faransa kuma, a shekarar 2023, CDC Habitat ta ɗauki alkawarin sayen gidaje 17,000 daga hannun kamfanonin gine-gine, Action Logement kuma 30,000. Sai dai a ƙasashen biyu kasuwar gidaje ce ta tsaya cik, don haka shirin ceto ne ga kamfanoni kamar yadda yake taimako ga masu haya. A Sin ma tafiyar hawainiya ya yi, saboda kuɗin hayar da talaka zai iya biya ba ya rufe bashin da aka ci aka sayi gidan.

A Nijar, hanyar da aka saba ita ce gini. Akwai kamfanin SONUCI, akwai bankin gidaje BHN da aka buɗe a 2018, an kuma yi alkawarin gidaje 25,000 a wa'adin mulkin Mahamadu Isufu na biyu, adadin da ba a cimma ba. Bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya bar sababbin gine-gine a babban birnin jiha. Amma mai albashi da asusun banki ne ke iya shiga irin waɗannan tsare-tsare. Manomin Sae Sabuwa, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara bayan girbin hatsi da wake, ba ya cikin lissafin.

To me gwamnati za ta saya a Sae Sabuwa, ko a ƙauyukan Agye da Gazawa? Nan ne gizo ke saƙar. Da farko, ba a samun rarar gidaje. Jihar ta haura mutane miliyan 3 da dubu 400 tun ƙidayar 2012, kuma daga 2019 gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Na biyu, akasarin gidajen na laka ne, irin waɗanda ruwa ya kayar, sayensu tamkar sayen rigima ne. Na uku, gidan ƙauye yawanci gado ne na ƴan'uwa da yawa, ba shi da takarda, kuma baitulmali ba ya biyan kuɗi a kan shaidar baki.

A birnin Maraɗi da manyan garuruwan gundumomi lamarin daban ne. Can ana samun gidajen siminti masu takardu, kuma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka turo daga nesa suna fama da neman wurin zama. Idan ma'aikatar magajin gari ta mallaki ƴan gidaje ta ba su haya, za ta iya riƙe ma'aikatan, ta kuma samu wurin saukar da waɗanda ambaliya ta kora ba tare da an rufe azuzuwa ba.

Haɗarin shi ne farashi. Da zarar an ji gwamnati na saye, dillalai za su tsawwala, kuma mai uwa a gindin murhu zai sayar da tsohon gidansa a kuɗin sabo. Maganin haka shi ne a bayyana farashin kowane gida da sunan mai shi, a kuma fitar da sharuɗɗan rabo kafin a biya ko dala.

Ga ƙauyuka kuwa, kuɗin zai fi amfani idan aka sa shi a filaye masu takarda a kan tudu, da magudanan ruwa, da tallafin harsashin siminti. Rage farashin siminti da gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta yi a watan Oktoban 2024 ya fi kusa da buƙatar Sae Sabuwa, muddin ragin ya isa kasuwar ƙauye kafin damana ta sake faɗuwa.