Wa Zai Riƙe Rajistar Direbobin Takur?

A Takur da ke Dutse, fasinja kan kira mai adaidaita-sahu ta waya, ya kuma biya shi ta wayar. Tambayar da ta rage ita ce: wa zai riƙe bayanan direba da na fasinja, kuma wa za a tuhuma idan kaya suka salwanta?

Ana iya aron tsarin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ta yi gwanjon lasisin GSM a 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne. Tsari ne na masu hannu da shuni. In aka kawo shi tasha, kamfanin manhaja zai mallake hanya, direba ya zama yaronsa.

Na bankuna ya fi dacewa. Kamfanin NIBSS mallakar Babban Banki ne tare da sauran bankuna, kuma shi ke riƙe da BVN tun 2014: lamba ɗaya, kowane banki na iya tantance ta. Jigawa na iya kafa irin wannan rajista, ƙungiyoyin direbobi da gwamnati da kamfanonin manhaja su mallake ta tare. Sharaɗin shi ne kada ta zama sabuwar ƙofar haraji, domin direban da ke biyan balas kullum zai ƙaurace mata.