FILIN MANOMA: Ƙwaro Mai Garkuwa Da Baƙin Ganyen Mangwaro

A unguwar Fadaman Mada da ke cikin garin Bauchi, gidaje da yawa suna da mangwaro ko lemo a tsakar gida, da dogon yaro a ƙofa. Wani lokaci maigida yakan tarar ganyen itacensa ya yi baƙi ƙirin kamar kunkunniyar madafi, yana kuma danƙo. Galibi sai a ɗora wa ƙurar motoci laifi, alhali kuwa ba ruwanta.

In aka juya ganyen za a ga waɗansu 'yan ƙuraje manne da shi, ba su ko motsi. To, ƙwari ne. Macen takan kafa baki ta yi ta tsotsar ruwan itacen, ta lulluɓe kanta da ɓawo kamar garkuwa. Waɗansu irinsu suna zubo ruwa mai zaƙi, irin darɓar da manoma suka sani a dawa, a kansa ne baƙin nan yake tsirowa ya tare wa ganye hasken rana. Daga nan sai 'ya'ya su ragu, rassa su soma bushewa.

Masu gonakin zaitun a Tunisiya da Italiya sun daɗe suna fama da wani baƙin irinsa. Nan gida kuma, a tsakiyar shekarun 1980, wani mai ruwan ɗorawa ya auka wa dogon yaro a Borno da sauran ƙasashen bakin Tafkin Chadi, itatuwa masu yawa suka kaɗe ganye.

Babban kuskure shi ne a ruga kasuwa a sayo maganin feshi mai ƙarfi. Garkuwar takan kare ƙwaron, maganin kuwa ya hallaka abokan gabansa, watau waɗansu 'yan mitsi-mitsin zanzaro da ke yin ƙwai a jikinsa su kashe shi. Kada a raina su. Lokacin da wani ɗan'uwan ƙwaron nan mai farin gari ya addabi mangwaro a Togo da Binin, irin wannan zanzaro aka kawo daga Indiya a ƙarshen shekarun 1980, shi ne ya karya lagonsa.

Abin da ya fi, bayan an gama cin mangwaro a rage rassan da suka cunkushe don iska da rana su shiga, a ƙone waɗanda suka kamu. A kuma lura da tururuwa. Ita ce makiyayiyar ƙwaron: tana shan zaƙinsa, tana korar masa zanzaro. Saboda haka a ɗaura ƙyalle a gindin itacen, a shafa masa abu mai danƙo, a sare duk reshen da ya taɓa katanga.

Sa'an nan a dama sabulu kaɗan da man 'ya'yan dogon yaro cikin ruwa, a fesa da yamma, musamman a bayan ganye. A maimaita bayan mako biyu, gama ƙananan da suka ƙyanƙyashe ba su yi garkuwa ba tukuna. Mai sayen dashe kuma ya juya ganyensa ya duba tun kafin ya biya kuɗi.