Fim ɗin da Ya Ɓata da Tawadar da Ta Tsira

A shekarar 1913 wani Bajamushe, Hans Schomburgk, ya sauka Togo da na'urar ɗaukar majigi, tare da 'yar wasa Meg Gehrts. A lokacin Yendi tana hannun Jamus, Tamale tamu kuwa tana hannun Ingila, domin yarjejeniyar 1899 ta tsaga Dagbon gida biyu. Ayarinsu ya ratsa Sokode da Bafilo har Sansanne Mango, garuruwan da fataken goro na Hausa suka sani sarai. A tafiyar suka ɗauki finafinai marasa magana, na hari da sukuwa. Mafi shahara shi ne Die weiße Göttin der Wangora, labarin Baturiyar da wai baƙar fata suke bauta wa. Yau an neme shi an rasa.

Wani zai ce gaba ta kai mu, tun da labarin raini ne tsagwaronsa. Ni ban yarda ba. Labarin ƙarya ne, amma mahayan da aka ɗauka na gaske ne, da sirdinsu da linzaminsu da rawaninsu, shekara 17 kacal bayan yaƙin Adibo na 1896, inda bindigar Jamus ta karya Dagombawa. Baturen ya zo neman tatsuniyarsa, na'urarsa ta kamo mana tarihi ba da niyyarsa ba. Wannan ita ce asarar.

A zamanin nan dai Alhaji Umaru yana zaune a Kete-Krachi yana rubutu da Larabci da ajami, har da waƙarsa kan zuwan Nasara. Fim na turawa, da duk tsadarsa, ya salwanta, domin irin zaren da ake ɗauka a kai yana ruɓewa, ga saurin kama wuta. Takardar malam kuwa ta iso gare mu, saboda almajirai sun yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Ashe abin da aka kwafa shi ke rayuwa.

To, ɗan'uwa mai nazarin Hausa, waiwayi gida. Kaset ɗin Turmin Danya na 1990 da sa'o'insa, da na wa'azi da waƙa da ke cikin akwatunan iyayenmu a zango, zafi da ƙura suna cin su. A ciki akwai Hausar da ba a yin irinta yanzu. Ka nemo ɗaya, ka juye shi a kwamfuta, ka rubuta abin da ka ji. Rigakafi ya fi magani.