Mu Ma A Nan Muke Biyan Haraji

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Duk mai ɗauko albasa ko tumatir daga Arewa zuwa Shasha da Bodija ya sani, kuɗin mota ya cinye riba, yanzu uwar kuɗin yake ci.

Gwamnati ta ce za ta rage raɗaɗi. A watan Agustan 2023 aka amince da naira biliyan 5 ga kowace jiha. Aka kuma yi alkawarin naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Ku lissafa, 75,000 ke nan, kuɗin da bai kai buhun shinkafa ɗaya ba a ƙarshen 2024. To, ko wannan ɗin, gida nawa ya shiga a unguwar nan?

In mun je neman suna a nan, sai a ce mana baƙi ne, mu koma jiharmu. In mun aika gida, sai a ce ai ku 'yan Kurmi ne. Mun zama jemage, ba mu ga tsuntsu ba mu ga dabba. Alhali mai yankar tikitin kasuwa bai taɓa tambayar mu takardar asali ba. Da yawanmu nan Ibadan aka yanke mana cibiya, nan kakanninmu suke kwance.

Su kuma ƙungiyoyin agaji, wallahi ba ma raina alheri. Amma a tara mata cikin rana tun asuba saboda mudu biyu da hoton Facebook, wannan wulaƙanci ne. Ba mu manta Disambar 2024 ba, da yara 35 suka rasu a turmutsitsin rabon kyauta a Bashorun. Kuɗin rumfa da kyamara da riguna masu tambari, da bazawara aka ba ta ja jarin ƙosai, da har yau tana ci da marayunta.

Saboda haka abu biyu muke kira. Shugabannin unguwa su rubuta kowane gida, da lambar NIN, su kai wa ƙaramar hukuma, su tsaya sai an sa mu a rajistar tallafi, tun da ranar zaɓe an san hanyar Sabo. Sannan 'yan kasuwarmu su daina tsinka zakka dubu ɗaya ɗaya a ƙofar masallaci. Malaman fiƙihu sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara. A haɗa ta wuri guda, a tsayar da mutum goma da ƙafarsu bana, baɗi su ma su fitar.

Allah ya kawo mana sauƙi, ya ba shugabanni ikon yin adalci.